Ruwan dattin asibiti ne ke yaɗa ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani, ko na gari?

Ummu Safiyya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masana kiwon lafiya da masu harkar ruwa ku taimaka min. Ina karatun aikin nas ne, an ba mu aikin rubutu kan ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani, to ina ta karance-karance sai nake ta cin karo da maganar wai ana samun irin su a ruwan dattin da ke fita daga asibitoci, har ma da na gari baki ɗaya. Abin da ya ɗaure min kai, ta yaya ƙwayar cutar da ke cikin kwata za ta koyi bijire wa magani alhali ba a jikin kowa take ba, ba kuma wanda ya ba ta magani? Sannan in akwai matatar ruwan datti ba shi kenan an kashe su ba? Kuma wa ya fi laifi, asibiti ko gari? Ni dai a raina asibiti nake zargi, tunda can ake ɗura manyan allurai kuma can masu cutar da ta gagara suke kwance. A yi min bayani dalla-dalla don Allah, na littafin ya ƙi shiga kaina.

Ɗan Lab:
Wa alaikumus salam Malama. Bari in ɗauki ta farkon tunda ita ce ta shafi ɓangarena.

Kin ce ba wanda ya ba ta magani. Ai kuwa ana ba ta, kullum ma. Maganin da mutum ya sha ko aka yi masa allurarsa ba duka jiki ke narkarwa ba, wani kaso mai yawa yana fita ta fitsari da bahaya yadda yake da ƙarfinsa, amoksisilin misali fiye da rabinsa a fitsari yake fita bai canja ba. To duk wannan ina za shi? Masai, daga nan bututu. A cikin bututun nan kuma ga bakteriyar da ta fito daga hanjin mutane, ga wadda dama can a ruwa da laka take zaune, ga abinci, ga ɗumi. Maganin ya tsinke da ruwa, bai kai ƙarfin da zai kashe su duka ba amma ya isa ya danne masu rauni ya bar wa masu taurin kai fili. An gwada wannan a Jami'ar Uppsala ta Suwidin a 2011, aka ga ko da maganin ya yi ƙasa sosai da adadin da ke hana bakteriya girma, a wasu magungunan ƙasa da shi ninki ɗari ko fiye, duk da haka masu bijirewar ne ke rinjaye a hankali. Shi kansa Fleming da ya gano penisilin ya yi gargaɗin haɗarin maganin da bai kai ƙima ba a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1945.

Amma abin da ni ya fi ba ni tsoro ba wannan ba ne. Bakteriya ba sai ta haifi 'ya ba kafin ta ba da gadon bijirewa, tana iya miƙa wa maƙwabciyarta kai tsaye ko da ba jinsinsu ɗaya ba. Akwai wani ɗan zoben DNA da ake kira filasmid, a kansa ake rubuta dabarar lalata magani, sai wannan ta manne da waccan ta tura mata kwafi, kamar dai takardar satar amsa da ke yawo daga benci zuwa benci a ɗakin jarrabawa, wanda bai taɓa buɗe littafi ba ma sai ya ci. Kuma filasmid ɗaya kan ɗauko dabarar magani uku, huɗu, biyar a tare, wani lokaci har da ta jure wa ƙarafa masu guba irin su jan ƙarfe da zaiba, shi ya sa ko ba magani a ruwan, in akwai waɗannan ƙarafan za su iya sa a ci gaba da riƙe filasmid ɗin. Bayan haka ko bakteriya ta mutu ta fashe, DNA ɗinta na nan a ruwa, wasu jinsunan suna iya tsintarsa su haɗa da nasu.

Wani abu da mutane ke yawan ruɗewa a kai, ba jikin mutum ne ke sabawa da magani ba, ƙwayar cutar ce. Mutumin da bai taɓa shan antibayotik ba a rayuwarsa zai iya kwasar wadda ta riga ta gagara. Kuma bijirewar ba mu muka ƙirƙiro ta ba, an tono ƙasar da ta daskare tun shekara 30,000 a yankin Yukon na Kanada an samu ƙwayoyin gadon bijirewa, wato sassan DNA masu ɗauke da wannan dabara, a ciki. Mu dai abin da muka yi shi ne tara su wuri ɗaya da ba su dalilin yaɗuwa.

Injiniyan Ruwa:
Malam Ɗan Lab ya gama da nasa, Allah ya ƙara ilimi. Ƙanwata, kan zargin asibiti, kina da gaskiya rabi.

In kika ɗebi lita ɗaya daga bututun asibiti kika ɗebi lita ɗaya daga na unguwa, na asibitin ya fi muni nesa ba kusa ba, musamman a ƙwayoyin da suka bijire wa magungunan ƙarshe irin su kabapenem, waɗanda sai a asibiti ake ba da su ta jijiya. Bakteriya irin su Klebsiella, Pseudomonas, Acinetobacter, waɗannan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a sahun farko na jerin masu haɗari a 2017, a bututun asibiti aka fi ganinsu. Wannan ba gardama.

Sai dai ki tambayi kanki lita nawa asibiti ke fitarwa, lita nawa gari ke fitarwa. A babban birni ruwan asibitoci ɗan kaso ne ƙalilan cikin abin da ke isowa matata, sauran duk daga gidaje ne da makarantu da mahauta da masana'antu. Kuma mafi yawan antibayotik da mutane ke sha a gida suke shansa ba a gadon asibiti ba. Wanda aka sallama ma yana komawa gida da ƙwayar a hanjinsa, ya yi watanni yana zubar da ita a masan gidansu ba tare da ya san yana ɗauke da komai ba. Don haka ko yau kika toshe bututun kowane asibiti, ruwan gari ba zai zama mai tsafta ba, irin bakteriyar hanjin nan E. coli da ke lalata magunguna su seftiriyazon tana nan cike a ruwan gidaje.

Batun matata kuma. Matatar da aka saba ba don wannan aikin aka tsara ta ba, an tsara ta ne don cire shara da laka da abin da ke ruɓewa ya cinye iskar kogi. Matakin farko a tace tarkace a bar laka ta kwanta, na biyu a tura ruwan cikin manyan tankuna ana hura iska, a can bakteriya ce da kanta ke cinye dattin, wato mu da hannunmu muke kiwon ta tirim a wuri ɗaya. Tana rage ƙwayoyin hanji sosai kam, yawanci kashi 99 cikin 100 ko fiye in tana aiki daidai. Amma yi lissafi, ɗanyen ruwan datti na iya ɗaukar E. coli miliyan 10 a mililita 100, ki cire kashi 99, saura 100,000 a wannan ɗan ruwan, kuma matata ɗaya miliyoyin lita take sakewa kogi a rana. Waɗanda aka cire ɗin ma ba ɓacewa suka yi ba, da yawansu laka suka koma, lakar kuma a ƙasashe da dama gona ake kai ta a matsayin taki. Kulorin da hasken UV suna kashe bakteriyar amma adadin da aka saba sakawa ba lallai ya wargaza DNA ɗin ba.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba, tsofaffin birane da yawa, Landan na ciki, bututu ɗaya ne ke ɗaukar ruwan sama da na masai, in aka tafka ruwa ya fi ƙarfin matata sai a saki rarar kai tsaye cikin kogi ɗanye.

Duk wannan fa maganar inda akwai matatar ne. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2017 ya ƙiyasta sama da kashi 80 cikin 100 na ruwan dattin duniya ana sakinsa ne ba a tace ba. Shi ya sa in na ji ana ta muhawara kan ko iskar ozon ta fi gawayin tace ruwa wajen cire ragowar magani sai in ji wani iri, muhawara ce mai kyau amma ta waɗanda suka riga suka gama da matakin farko ce.

Baban Khalifa:
Ni fa jama'a kuyi hakuri, gani nake ana zuzuta maganar nan. Masu bincike sunje sun debo ruwan kwata sun sami kwayar cuta, to da me ake so su samu a kwata, zuma? Wa yake shan ruwan kwata? Gsky matsalar a bayyane take, likita ya rubuta antibayotik kan mura wadda bairos ce ma ba ruwanta da maganin, mutum yasha na kwana biyu yaji sauki ya ajiye, maaikaci ya taba wannan mara lafiya ya taba wancan bai wanke hannu ba, nan ne ake kamuwa ba a kogi ba. A gyara wadannan tukunna kafin a fara zancen kashe makudan kudi akan ruwan da dama zubarwa zaayi.

Ɗan Lab:
Baban Khalifa, maganar wanke hannu da rubuta magani barkatai ba wanda zai musa maka, a cikin asibiti hannu da kayan aiki su ne babbar hanya. Amma "wa yake shan ruwan kwata" ɗin nan ne ban yarda ba. Ba sai ka sa kofi ka ɗiba ba. Ruwan yana shiga kogi, wani gari a ƙasa yana jan ruwan shansa daga wannan kogin, ana ban ruwan kayan lambu da shi, dabbobi na sha, yara na wanka, inda bututun famfo ya tsage kusa da magudana kuma yana tsotsa in ƙarfin ruwa ya sauka.

Ga misali. NDM-1, wani sinadari ne da bakteriya ke yi yana lalata kabapenem, an fara gano shi a 2008 a jikin wani mara lafiya a Suwidin da ya taɓa kwanciya asibiti a New Delhi. Da farko kowa ya ɗauka abin asibiti ne. Sai Timothy Walsh da abokan aikinsa suka ɗebi ruwa a cikin birnin, sakamakon ya fito a 2011: cikin samfur 171 na ruwan da ke kwance a tituna 51 na ɗauke da shi, cikin samfur 50 na ruwan famfo 2 na ɗauke da shi, kuma ya riga ya tsallaka cikin jinsuna daban-daban har da mai jawo kwalara. Ruwan famfo fa.

In ka ce ai wannan inda tsafta ta yi ƙaranci ne, to a Birtaniya masu bincike na Jami'ar Exeter sun gwada masu wasan hawan igiyar teku, waɗanda ke yawan haɗiyar ruwan teku, a 2018 suka fitar da cewa kashi 9 cikin 100 na ɗauke da E. coli mai bijire wa maganin sefotaksim a hanjinsu, waɗanda ba sa shiga ruwan kuma kashi 3. Lafiyarsu ƙalau, ba wanda ke kwance. Nan ne wayon abin yake, ba ranar da ka haɗiya za ka kwanta ba, tana zama a hanji shiru, sai ranar da ta samu hanya zuwa mafitsara, ko aka yi maka tiyata, ko mace ta haihu, ko jariri ya kwasa, sannan a ba da maganin da aka saba a ga ba ya ci. A lokacin ba wanda zai tuna da wani kogi.

Sannan akwai binciken da Jami'ar Fasaha ta Denmak ta jagoranta, ya fito a 2019, sun tattara ɗanyen ruwan datti daga wurare 79 a ƙasashe 60. Ƙwayoyin gadon bijirewa sun fi yawa a Afirka da Asiya da Kudancin Amurka fiye da Turai da Arewacin Amurka, kuma abin da ya fi tafiya tare da yawansu shi ne halin tsaftar muhalli da kiwon lafiya na ƙasar, fiye da yawan maganin da aka rubuta an sha. Ka ga kenan ko an gyara rubuta magani, in ƙazanta na komawa bakin mutane ƙwayar da ta riga ta bijire za ta ci gaba da zagayawa. Ƙiyasin da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ce a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda bakteriya mai bijire wa magani, kuma in aka auna da yawan jama'a yammacin Afirka ne ya fi kowane yanki.

Baban Khalifa:
To naji na New Delhi din, wannan kam abin tsoro ne. Amma har yanzu ina kan bakana cewa in kudi kadan ne gara a fara da sabulu da ruwa a asibiti.

Hajiya Mai Magani:
Baban Khalifa ai kai da Malam ba ku saɓa ba, sabulu da ruwa da masai mai kyau duk gida ɗaya ne.

Ni abin da na ga ba a taɓo ba shi ne masana'antar haɗa maganin kanta. 'Yata Ummu Safiyya ki sa wannan a rubutunki. A 2007 Joakim Larsson na Jami'ar Gothenburg ya auna ruwan da ke fita daga wata matata a Patancheru kusa da Hyderabad a Indiya, wadda ke karɓar ruwan kamfanonin magani kusan 90, ya samu maganin sifurofuloksasin har miligiram 31 a lita ɗaya. Wannan ya fi abin da ake samu a jinin mara lafiyar da ke kan shan maganin. Ba asibitin da ruwansa ke kusantar haka. Kuma magungunan da ake haɗawa a can duniya duka ake sayar wa, har Turai da Amurka, don haka ba matsalar Indiya ce kaɗai ba, mai saye da arha ma da hannunsa. Sai a Satumban 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora ta farko kan yadda masana'antun antibayotik za su riƙa sarrafa ruwan dattinsu, ki duba tazarar shekarun.

Ga kuma dabbobi. Kolistin tsohon magani ne da aka ajiye saboda yana taɓa ƙoda, aka dawo da shi don ya zama na ƙarshe in komai ya gaza, alhali ana ta zuba shi a abincin aladu da kaji don su yi saurin girma. A 2015 aka ba da rahoton mcr-1 a ƙasar Sin, ƙwayar gadon bijire wa kolistin a kan filasmid, ba a jima ba aka riƙa ganinta a nahiyoyi daban-daban har cikin ruwan datti. Ruwan mahauta da na gidan gona shi ma kogin yake nufa.

Ragowar magani kuma don Allah a daina juye shi a masai ko a sinki, musamman na ruwa na yara da ake yawan ragewa. Inda ake karɓar ragowa a kantin magani a mayar musu.

Injiniyan Ruwa:
Hajiya ta kawo magana. In ƙara kan abin da ake yi a aikace, akwai asibitocin da suka gina tasu matatar a cikin harabarsu, sananne shi ne asibitin Herlev kusa da Kopenhagen, suna bi da ruwan ta matattara mai ƙananan ƙofofin da bakteriya ba ta iya wucewa, sannan ozon, sannan gawayi, sannan UV. Yana aiki amma yana cin wuta da kuɗi da ƙwararru. Suwizalan ita kuma ta zaɓi ɗaga darajar manyan matatun gari, dokarta ta fara aiki a 2016. Tarayyar Turai ta sabunta dokar ruwan dattin birane a 2024, ta wajabta sa ido kan bijirewar magani a matatun manyan birane, ta kuma ɗora wa kamfanonin magani da na kayan shafa aƙalla kashi 80 cikin 100 na kuɗin ƙarin matakin tacewa. Ni a ra'ayina inda ba matatar gari kwata-kwata, to a fara da asibiti, don wuri ɗaya ne, bututu ɗaya ne, kuma shi ne ya fi kauri. Inda akwai matatar gari mai aiki, gara a zuba kuɗin a can tunda komai can yake haɗuwa.

Wani amfanin ruwan dattin kuma, awo. Kwalba ɗaya daga bakin matata tana ba da labarin hanjin dubban ɗaruruwan mutane ba sai an bi su ɗaya-ɗaya ba, kamar yadda ake yi wajen bibiyar shan inna da korona.

Ummu Safiyya:
Kai, Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, Hajiya na gode zan sa na Patancheru ɗin. Malam Ɗan Lab ƙarin tambaya ɗaya, tunda bututun asibiti haka yake, abin zai iya dawowa sama ta sinkin wanke hannu na ɗakin marasa lafiya? In haka ne ba sai a riƙa zuba bilic a ciki kullum ba?

Ɗan Lab:
Yana dawowa Malama, an sha danganta ɓarkewar cuta a sashen kulawa ta musamman da sinki. Ƙarƙashin kowane sinki akwai lanƙwasar bututu da ruwa ke zama a ciki don tare wari, a nan bakteriya ke yin wani yauƙi mai manne wa bango. A Jami'ar Virginia sun gwada a 2017, suka ga in ana zuba abin da za ta ci, E. coli na hawowa daga lanƙwasar kimanin inci ɗaya a rana har ta iso bakin magudanar, daga nan in ruwan famfo ya daki wurin sai ya fantsala ta kan sinkin da abin da ke kewaye, kuma ta bututun da ya haɗa su tana iya kaiwa sinkin da ke gaba.

Bilic yana rage ta na ɗan lokaci ne, wucewa yake yi da sauri bai ratsa yauƙin ba, kwana kaɗan ta dawo, wasu asibitocin har bututun suka canja ta sake dawowa daga ƙasa. Abin da ke hannunki a matsayin nas shi ne sinkin wanke hannu ya zama na wanke hannu kawai, kar a juye ragowar ruwan ƙari ko abincin bututu ko shayi ko ruwan da aka goge mara lafiya da shi, don su ne abincinta. Kar a haɗa allura ko a ajiye auduga da sirinji a gefensa, a bar tazarar kamar mita ɗaya ko a sa abin tare fantsali. In kika ga sinkin da ruwa ke taruwa ba ya wucewa da wuri, ko famfon da ke zuba daidai kan ramin magudanar, ki kai rahoto wurin masu kula da hana yaɗuwar cuta na asibitin a rubuce.